Yadda Ake Gano Matsalar Manhaja a Gyara Ta, Ta Waya Ce Ko Ta Kwamfuta

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga ɗaliban jami'ar KASU da na kwalejin Kadpoly a Kaduna, da masu koyo da kansu a gida, iri ɗaya ce: "Malam, manhajata ta ƙi tashi, yaya zan yi?" Wani ya turo hoton allon kwamfuta da ya ɗauka da waya, haske ya cinye rabin rubutun. Wani kuma ya riga ya goge Android Studio, manhajar da ake rubuta manhajojin Android a cikinta, ya sake saukewa, datarsa ta ƙare, matsalar na nan daram. Gyaran manhaja jeri ne da shi. Wanda ya kama sauya kod tun bai karanta abin da na'ura ta faɗa masa ba, shi ke kwana uku a kan aikin da rabin awa ya isa. Ga jerin nan daki-daki.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Android Studio, Flutter, VS Code, Git da Firebase Crashlytics duk kyauta ne, data kawai suke ci. Kwamfuta mai RAM 8GB za ta yi aiki da ƙyar, mai 16GB ce ke ba ka sukuni, kuma in za ka kashe kuɗi a abu ɗaya, ka sa mata SSD. Ka nemi kebul mai ɗaukar bayanai, da waya ta gaske guda ɗaya, irin wadda mutanenka ke riƙewa. Rajistar mai haɗa manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya tak. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, ga shi sai da Mac ake haɗa manhajar iPhone, domin Xcode, kayan aikin Apple na haɗa ta, ba ya hawa Windows.

1. Ajiye aikin yadda yake

Kafin ka taɓa layi ko ɗaya, ka yi git commit, wato ka ajiye kwafin aikin a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, ko da kod ɗin a lalace yake. In ba ka fara amfani da Git ba, yau ce ranar: git init, git add ., sannan git commit. Ka tura shi GitHub, shafin ajiye kod a intanet. Wuta na iya ɗaukewa kana tsakiyar gyara, batirin tsohuwar kwamfuta kuwa ba ya jiran kowa.

Hattara: kada ka tura fayil ɗin makullin sa hannu (wanda ke shaida cewa manhajar taka ce), ko kalmomin sirri na saba (kwamfutar da manhajarka ke neman bayanai wurinta ta intanet), cikin ma'ajiyar da kowa ke gani. Ka sa sunayensu a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun kafin turawar farko. Abin da ya riga ya shiga tarihin Git, goge shi daga baya ba ya fitar da shi, sai dai ka sauya makullin gaba ɗaya.

2. Maimaita matsalar da hannunka

Matsalar da ba ka iya sa ta faru da gangan, ba za ka taɓa sanin ko ka gyara ta ba. Ka ɗauki biro ka rubuta: na buɗe manhaja, na shiga shafin kaya, na danna Ajiye ban cika gurbin farashi ba, ta rufe kanta. Ka maimaita sau uku. In ta faɗi duk sau ukun, rabin aikin ya ƙare.

In mai aiki ne ya kira ka, a nan sai ka yi haƙurin tambaya. Alhaji mai kanti a kasuwar Sheikh Gumi zai ce maka, "Injiniya, abin nan naka ya ƙi." Kada ka ce masa ya turo bayanin kuskure, ba yarensa ba ne. Ka ce, "Ranka ya daɗe, me aka danna na ƙarshe kafin ya ƙi? Jiya ya yi aiki? An sa wani sabon abu a kwamfutar, ko an kai ta gyara?" In da hali, ka sa yaron shago ya ɗauki bidiyon allon tun daga buɗewa har zuwa inda ta tsaya. Bidiyon daƙiƙa talatin ya fi kiran waya goma.

3. Gane a wane mataki take faruwa

Wurare huɗu ne, kuma kowanne maganinsa daban. Ko dai manhajar ta ƙi haɗuwa tun a kwamfutarka (wato kod ɗin ya ƙi zama manhajar da za a sa a waya), ko ta haɗu ta ƙi hawa waya, ko ta hau ta buɗe sannan ta faɗi ko ta sandare, ko kuma tana aiki lafiya amma ba ta samun amsa daga saba. Ka tantance wannan tukuna, sai ka tsallaka zuwa matakin da ya dace a ƙasa. Amma mataki na 4 na kowa ne.

4. Karanta rubutun kuskure, ka karanta shi da gaske

Nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Jan rubutu ya cika allo, gaba ya faɗi, sai a kwafi layin ƙarshe a zuba a Google. To layin ƙarshe sau da yawa ba ya ɗauke da komai. "BUILD FAILED" ko "Gradle task assembleDebug failed with exit code 1" sanarwa ce kawai cewa an faɗi (Gradle shi ne kayan aikin da ke haɗa manhajar Android). Dalilin faɗuwar yana sama, ƙarƙashin inda aka rubuta "What went wrong". Ka haura sama har ka kai kuskuren farko, domin na bayansa yawanci 'ya'yansa ne.

In manhajar Android ce ta rufe kanta, ka buɗe Logcat, tagar da ke nuna saƙonnin waya, a Android Studio, ka tace shi da sunan kunshin manhajarka, ka nemi "FATAL EXCEPTION". A ƙarƙashinsa za ka ga dogon jeri na layuka masu farawa da "at". Yawancinsu na Android ne ko na laburare (kod ɗin wasu da ka aro), ba naka ba. Ka bi su da ido har ka ga layin farko mai ɗauke da sunan kunshinka, misali CartActivity.kt:87. Wannan yana nufin fayil kaza, layi na 87. Can za ka je. In akwai "Caused by" fiye da ɗaya, na ƙasa shi ne tushen.

A Flutter, "Null check operator used on a null value" yana gaya maka ka sa alamar ! a kan abin da babu komai cikinsa. "RenderFlex overflowed by 24 pixels" kuwa, mai zuwa da zanen rawaya da baƙi, yana nufin kayan da ka jera sun fi gurbinsu faɗi ko tsawo. "setState() called after dispose()" na nufin amsar saba ta iso bayan mutum ya bar shafin, sai ka duba mounted kafin ka sabunta allo. Wannan na ƙarshen ya fi bayyana a inda intanet ke tafiyar hawainiya, shi ya sa ba ka ganinsa a gidanka amma mai amfani a Rigasa ko Maraban Jos yana ganinsa kullum.

Hattara: kada ka lulluɓe kuskure da try da catch wanda babu komai cikinsa don jan rubutu ya ɓace. Manhajar za ta daina faɗuwa, amma za ta ci gaba da yin ɓarna shiru, kuma ka toshe bakin da zai gaya maka inda ciwon yake.

5. In ta ƙi haɗuwa

Mai Flutter ya fara da flutter doctor -v, ya gyara duk inda aka sa masa alamar ja. Bayan nan, mafi yawan rikicin haɗawa na Android rashin jituwa ne tsakanin sigogi uku: ta Java, ta Gradle, da ta Android Gradle Plugin. Tun daga siga ta 8.0 da ta fito a 2023, wannan na ukun yana buƙatar JDK 17, wato Java 17. In ka ga "Unsupported class file major version 61" ko "65", to Gradle ɗinka ya tsufa, bai san Java 17 ko Java 21 da ke kwamfutarka ba. Wannan ya fi samun wanda ya sauke tsohon aikin wani yana koyo da shi. Ka buɗe gradle-wrapper.properties ka ga sigar da ke ciki, ka duba teburin jituwa a shafin Gradle da na Android, sannan ka daidaita. Kada ka yi ta ɗaga lambobi da ka.

Akwai wata da ta zama tamu ta nan gida. Haɗawar farko Gradle na sauke fayiloli masu nauyi, in intanet ya yanke a tsakiya sai ya bar guntun fayil, daga nan kullum ya riƙa cewa "zip END header not found" ko ya kasa buɗe zip. Sake sauke Android Studio ba zai yi komai ba, domin guntun yana wani wuri dabam. Ka shiga foldar .gradle da ke cikin foldar sunanka, ka buɗe wrapper, sannan dists, ka goge foldar sigar da ta lalace kaɗai, ka jira lokacin da layi ya yi ƙarfi ka sake haɗawa.

Hattara: goge dukkan .gradle ko node_modules shi ne makami na ƙarshe, ba na farko ba, domin duk abin da ka goge da datarka za ka sake sayensa. flutter clean ba shi da wannan tsadar, shi ka fara gwadawa, ka biyo da flutter pub get.

A Windows ka ajiye aikin a gajeren wuri kamar C:\dev. Tsohuwar iyakar tsawon adireshin fayil haruffa 260 ce, kuma aikin React Native da aka binne cikin folda bakwai yana haura ta cikin sauƙi. Wani abu da ba a cika kula da shi ba: bayan hunturu ƙura kan toshe fankar kwamfuta, in zafin Maris da Afrilu ya zo sai ta riƙa rage gudu ko ta mutu ana tsakiyar haɗawa. In haka take yi, kai ta a hure ta, laifin ba na Gradle ba ne.

6. In waya ta ƙi bayyana

Shiga Settings, About phone, ka danna Build number sau bakwai, sannan ka kunna USB debugging a Developer options. Jona kebul ka rubuta adb devices. In jerin ya fito fayau babu komai, ka fara zargin kebul, domin da yawan waɗanda ake sayarwa a bakin titi na caji ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. In an rubuta "unauthorized", duba allon wayar, tana jiran ka amince ne. Daga Android 11 zuwa sama kana iya haɗawa ta Wireless debugging ba tare da kebul ba, muddin waya da kwamfuta suna kan Wi-Fi ɗaya. "INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE" kuwa yana nufin akwai tsohuwar sigar manhajar mai sa hannu dabam a wayar. Cire ta, amma ka sani bayanan da ke cikinta za su tafi tare da ita.

7. In ba ta samun amsa daga saba

Ka fara raba gardama: laifin manhaja ne ko na saba? Tura buƙatar da manhajar ke turawa ta Postman ko curl, kayan aikin da ke magana da saba kai tsaye. In can ma ta ƙi, ka bar manhaja ta huta ka koma kan saba. Lambar amsa tana magana: 401 shaidar shigarka ce ta ƙare ko ba ka tura ta ba, 404 adireshi ne ba daidai ba, 500 saba ce ta faɗi, can za ka duba rajistarta.

In sabar a kwamfutarka take, ka tuna adireshin localhost, da kake isa gare ta da shi a kwamfutar, a cikin waya yana nufin wayar kanta. Emuleta na Android, wato wayar kwaikwayo da ke aiki cikin kwamfuta, yana ganin kwamfutarka a 10.0.2.2. Waya ta gaske da ke jone da kebul kuwa, rubuta adb reverse tcp:8000 tcp:8000, ka sa lambar ƙofar da sabarka ke amfani da ita, sai localhost ya yi aiki. Sannan tun daga Android 9 an toshe http marar s sai in ka buɗe shi da kanka, shi ne kake ganin "Cleartext HTTP traffic not permitted". A gwaji kana iya buɗewa. A manhajar da za ta je hannun mutane, ka sa https.

In kuskuren na takardar shaidar tsaro ne (wadda saba ke nunawa a https) kuma a waya ɗaya kaɗai, duba kwanan watan wayar kafin komai. Agogon da ya koma shekarun baya yana sa kowace takardar shaida ta zama kamar ta jabu. In agogon daidai yake, duba sigar Android: wayoyin da ke ƙasa da 7.1.1 ba su san tushen takardun Let's Encrypt, hukumar da ke ba da irin waɗannan takardu kyauta, ba.

Hattara: za ka ga masu ba da shawarar ka rubuta kod da zai amince da kowace takardar shaida. Kada ka yi. Ka buɗe wa duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da mai amfani hanyar karanta kalmar sirrinsa ke nan.

8. Tana aiki a sigar gwaji, ta ƙi a sigar fitarwa

Wannan ita ke kunyata mutum a gaban mai aiki, don haka ka gwada sigar fitarwa, wato wadda za ta je hannun mutane, a wayarka tun kafin ranar miƙa aiki. Abubuwa uku ne suka fi jawo ta. Na farko, a Flutter izinin INTERNET yana cikin fayil ɗin AndroidManifest na gwaji tun asali, amma babu shi a na main sai ka rubuta da hannunka. Na biyu, shiga da asusun Google ta Firebase yana dogara da hatimin SHA-1 na makullin sa hannu, kuma makullin gwaji daban, makullin da kake lodawa da shi daban, wanda Google Play ke sa hannu da shi daban. In ka ga "ApiException: 10", ka kwafo hatimin daga Play Console ka ƙara a Firebase, ka sauke sabon google-services.json. Na uku, R8, kayan aikin da ke rage girman manhaja, yana matse kod yana sauya sunayen ajujuwa, laburaren da ke karanta JSON ta sunan gurbi kamar Gson sai ya dawo da fanko. Ka kashe matsewar na ɗan lokaci ka gani. In ta warke, ka rubuta ƙa'idar keep ga ajujuwan bayananka, ka mayar da matsewar.

Ka adana mapping.txt, fayil ɗin da ke riƙe da asalin sunayen da R8 ya sauya, na kowace siga, in ba shi ba rahoton faɗuwa zai zo maka da sunaye irin a.b.c marasa ma'ana. Makullin sa hannu kuma ka ajiye kwafinsa a wuri biyu. Google na ɗaga mafi ƙarancin matakin API (lambar sigar Android) da sabuwar manhaja za ta nufa duk shekara, wa'adin yakan faɗo 31 ga Agusta, na 2025 shi ne API 35. Asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 kuwa sai ya yi gwajin rufe da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a ba shi damar fitarwa. Ka sa waɗannan kwanakin a lissafi kafin ka yi wa mai aiki alkawarin rana.

9. Tana aiki a wayarka, ta ƙi a ta mutane

Emuleta ba Kaduna ba ce. Mutanenka Tecno, Infinix da itel suka fi riƙewa, da yawa masu RAM 2GB ko 3GB, ma'ajiya cike da bidiyon WhatsApp. Hoton kyamara mai faɗin 4000 da tsayin 3000 yana cin kusan 48MB na RAM in aka buɗe shi yadda yake. Jera biyar a shafi ɗaya, ƙaramar waya ta kashe manhajar. Ka rage girman hoto kafin ka nuna shi, da Glide ko Coil, ko cacheWidth a Flutter. In Android ya ce manhaja ba ta amsawa, to ka ɗora aiki mai nauyi a kan babban zaren da ke zana allo har ya kai daƙiƙa 5 bai kula mai dannawa ba. Mayar da aikin kan wani zaren dabam.

In sanarwa ba ta shigowa, daga Android 13 sai ka roƙi izinin POST_NOTIFICATIONS a fili. In ka roƙa kuma har yanzu shiru, duba tsarin tattalin batir na wayar, domin yakan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye. Sai ka nuna wa mai amfani inda zai cire manhajarka daga jerin waɗanda ake kashewa.

Sai abubuwan da malaman koyarwa na ƙasashen waje ba za su taɓa ambata maka ba. In ƙ, ɗ, ɓ suna fitowa a matsayin alamar tambaya, wani wuri a hanyar ba ya amfani da UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san su, kuma a MySQL utf8mb4 za ka zaɓa. In kuma ɗan akwati ne ke fitowa a gurbinsu, ko a gurbin alamar ₦, to salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da harafin. Lambar waya ka ajiye ta a matsayin rubutu, in ka ajiye ta a matsayin adadi sifilin farko zai ɓace, kuma ka mayar da 080 da +23480 su zama siffa ɗaya tun a ƙofar shiga, in ba haka ba mutum ɗaya zai zama biyu a ma'ajiyarka. Kuɗi ka lissafa su da kwabo, adadi cikakke. Paystack, hanyar karɓar kuɗi ta intanet, da kwabo yake karɓa: naira 5,000 ita ce 500000, wanda ya tura 5000 naira 50 ya caja.

10. Manhajar kwamfuta

In an danna ta ta yi ƙyaf ta ɓace, ka buɗe ta daga Command Prompt don rubutun kuskuren ya tsaya ka karanta. In babu komai, shiga Event Viewer, Windows Logs, Application. Ƙorafin rashin VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll maganinsa sanya Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft, kuma ka haɗa shi cikin kunshin sanyawarka tun farko.

Hattara: kada ka sauke fayil ɗin DLL guda ɗaya daga shafukan da ba a san masu su ba. Hanya ce sananniya ta shigo da ƙwayar cuta cikin kwamfutar mai aiki.

Kafin ka rubuta layi ɗaya ga mai kanti ko makaranta, je ka ga kwamfutar da idonka. Har yanzu akwai masu Windows 7, kuma Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke hawa kanta, Electron, kayan haɗa manhajar kwamfuta, kuma siga ta 22. Ka duba ko 32-bit ce. Ma'ajiyar bayanai kada ka ajiye ta a Program Files, Windows ba ya barin a yi rubutu a can sai da izinin Administrator, AppData ce wurinta. Mai haɗa manhajar Python da PyInstaller da ya zaɓi fayil ɗaya ya sani ana zazzage kayansa ne a foldar wucin gadi da ake gogewa bayan an rufe, duk abin da ya ajiye a can ya tafi. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS kuwa tana mutuwa nan take in wuta ta ɗauke, don haka cinikin da ya taɓa tebur biyu na ma'ajiyar bayanai, ragin kaya da rubuta rasit, ka sa su cikin ma'amala ɗaya ta SQLite, ko duka su shiga ko duka su fasa. In kana zargin fayil ɗin ya lalace, kwafe shi gefe tukuna sannan ka gudanar da PRAGMA integrity_check. Kuma ka sa manhajar ta riƙa kwafe bayanan zuwa filasha duk yamma kafin a rufe shago.

11. Sauyi ɗaya, gwaji ɗaya

Ka faɗi zatonka a fili, ka sauya abu ɗaya, ka bi matakan da ka rubuta a mataki na 2. In bai warke ba, mayar da sauyin kafin ka gwada wani. In ka san makon jiya tana aiki, git bisect zai riƙa raba tarihin aikinka biyu yana tambayarka mai kyau ne ko marar kyau, a cikin sauyi ɗari tambaya bakwai ta isa ya nuna maka wanda ya kawo ɓarnar.

12. In ta gagara, ka tambaya da kyau

Ko ɗan'uwa za ka tambaya a taron masu haɗa manhaja, ko Stack Overflow, ko ChatGPT, ka kawo abu biyar: abin da kake son ya faru, abin da ya faru, rubutun kuskuren a kwafe ba a hoto ba, sigogin kayan aikinka, da abin da ka riga ka gwada. Goge makullai da bayanan mutane daga ciki kafin ka tura. Amsar da aka ba ka kuma ka duba shekararta, domin maganin 2017 na iya zama sabuwar cuta a Android na yau, kuma kada ka manna layin da ba za ka iya bayyana aikinsa ba. Bayan ta warke, ka yi commit da bayanin abin da ya jawo ta, ka jona Crashlytics ko Sentry kafin fitarwa ta gaba, domin rahoton faɗuwa ya riƙa iso maka da sunan waya, sigar Android da lambar layi.